Windows, Linux da Burauza: Kokawar da Ake Yi a Kan Teburinka

 

Zan fara da tambaya, kowa ya amsa a ransa. Ranar da ka sayi kwamfutarka, wa ya tambaye ka wace babbar manhaja kake so a ciki? Ina nufin manhajar nan da ke tashi da zarar ka kunna na'ura, wadda ke raba wa sauran manhajoji wuri da lokaci, ta karɓi abin da ka buga a madannai ta nuna a fuska, ta adana fayil, ta yi magana da firinta. Yawancinmu babu wanda ya tambaye mu. Mun buɗe muka tarar da Windows, kamar yadda muka tarar da batir da caja, har wasu suna ɗauka cewa Windows ɗin ita ce kwamfutar. Yau ina so mu bi sawun yadda aka yi haka ta faru, sannan mu dubi abokan hamayya biyu da suka taso mata: buɗaɗɗun manhajoji irin su Linux, da manhajojin da ake aiki da su kai tsaye a intanet. Ɗaya ya zo da gaskiya a hannunsa amma bai ƙwace teburin ba. Ɗayan ya rage wa teburin daraja ƙwarai, sai dai ya tafi da wani abu namu da ba mu lura ba.

A 1980 kamfanin IBM, wanda a lokacin shi ne giwa a harkar kwamfuta, yana gaggawar fitar da ƙaramar kwamfuta ta kan tebur, kuma ba shi da babbar manhajar da zai sa mata. Sai ya nemi wani ƙaramin kamfani mai suna Microsoft. Shi ma Microsoft ba shi da ita a hannu. Sayowa ya yi daga wani kamfani a Seattle, ya gyara, aka sa mata suna DOS. Kwamfutar ta fito a watan Agusta na 1981. Abin da ya sauya tarihi yana cikin yarjejeniyar: Microsoft bai sayar wa IBM manhajar gaba ɗaya ba, ya riƙe 'yancin bai wa wasu kamfanoni lasisi. Da Compaq da sauransu suka fara ƙera kwamfutoci masu aiki irin na IBM, kowannensu sai ya zo ƙofar Microsoft. Masu ƙera ƙarfen suka yi ta gasa suna karya wa juna farashi, mai manhajar kuwa yana zaune yana karɓar kuɗinsa a kan kowace na'ura. Windows ta farko ta fito a 1985, ba ta yi wani tasiri ba sai a 1990 da Windows 3.0, sannan Windows 95 ta zo ta kafa kanta daram. Apple ya riga su fitar da kwamfuta mai hotuna da linzami ga jama'a, wato Macintosh ta 1984, amma ya zaɓi ya riƙe ƙarfe da manhaja duk a hannunsa ya sayar da tsada, don haka ya tsaya da nasa rabo na masu hali.

Ku lura da yadda abin ke ɗaure kansa. Mai rubuta manhajar lissafi ko ta zane yana duba inda mutane suka fi yawa, sai ya rubuta wa Windows. Mai sayen kwamfuta yana duba inda manhajoji suka fi yawa, sai ya sayi Windows. Mai ƙera firinta ya ga haka, sai ya yi wa Windows direba ya manta da saura. A kan wannan aka ƙara wata dabara: akwai lokacin da kamfanonin ƙera kwamfuta ke biyan Microsoft a kan kowace na'ura da suka fitar, ko sun sa manhajarsa ko ba su sa ba, har sai da gwamnatin Amurka ta sa aka daina a 1994. Wane ɗan kasuwa ne zai biya kuɗin abu sannan ya sa wani? Sai kuma fayil. Takardar da aka rubuta da Word, Word ce ke buɗe ta daidai. Idan ma'aikatarku na aiko da takardu a wannan tsari, to an zaɓa maka manhaja ko kana so ko ba ka so.

A nan ƙasashenmu akwai wani ƙarin al'amari da dole a faɗe shi a fili. Yawancin Windows da Office da CorelDRAW da ke shagunanmu ba a biya kuɗin lasisinsu ba. Ka kai wa mai gyara, ya yi maka fomatin, ya zuba maka komai daga filash ɗinsa, ka ba shi ladan aikinsa. Kada ku ɗauka kamfanin bai san da haka ba. A 1998 Bill Gates, shugaban Microsoft a lokacin, yana magana da ɗaliban jami'a a kan ƙasar Sin, ya nuna cewa in dai za a saci manhaja, gara a saci tasu, domin mutane za su saba da ita, daga baya a san yadda za a karɓi kuɗi. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Kwafin sata ya yi wa Windows aikin da talla ba za ta iya ba: ya tarbiyyantar da al'umma guda a kan kaya ɗaya. Shi ya sa idan ka ce wa matashi a Kano ko Maraɗi ya koma Linux saboda kyauta ce, zai dube ka da mamaki, don shi bai taɓa sanin ana sayen Windows ba.

To, daga ina Linux ta fito?

Kowace manhaja tana da fuska biyu. Akwai asalin rubutun da ɗan Adam ya yi, wanda wani masani zai iya karantawa ya gyara, akwai kuma abin da aka juya zuwa yaren na'ura, wanda shi ake ba ka. Kamar mai magani ne da ya ba ka ƙullin gari dakakke: za ka sha, wataƙila ka warke, amma ba ka san saiwoyin da ya haɗa ba, ba ka iya ragewa ko ƙarawa, kuma ranar da ya tashi daga garin, maganin ya tafi da shi. Richard Stallman, wani masani a cibiyar MIT ta Amurka, ya ga cewa wannan hali ya zama ruwan dare a harkar manhaja, sai a 1983 ya shelanta aikin GNU: a gina babbar manhaja cikakkiya irin Unix wadda kowa ke da 'yanci huɗu a kanta. Ka yi aiki da ita yadda kake so, ka karanta rubutunta ka gyara, ka ba maƙwabcinka kwafi, ka kuma raba gyaran da ka yi. A 1989 ya fito da lasisin GPL, wanda hikimarsa ta burge ni tun ranar da na fahimce ta. Ya ɗauki dokar haƙƙin mallaka, wadda aka saba amfani da ita a hana, ya yi amfani da ita a tilasta buɗewa: an yarda ka ɗauka ka gyara har ka sayar, da sharaɗin duk wanda ka ba shi ma ka ba shi rubutun da 'yancin da aka ba ka.

Mutanen GNU sun gina kayan aiki da yawa, amma zuciyar manhajar, wadda ke hulɗa da ƙarfe kai tsaye, ba ta kammala ba. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya rubuta tasa don sha'awa ya saka a intanet, a 1992 ya sa ta ƙarƙashin GPL. Mutane daga ƙasashe daban-daban suka yi ta aiko da gyara. Aka haɗa zuciyar da kayan GNU, aka samu babbar manhaja cikakkiya. Debian ta fito a 1993, sannan a 2004 wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa Ubuntu da niyyar ta zama Linux ta kowa da kowa. Shekaru da dama suna aika faifan CD kyauta ta gidan waya zuwa duk inda aka nema a duniya, har zuwa 2011, kuma na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda ta wannan hanya suka fara ganin Linux.

Microsoft ya ji tsoro, kuma ya nuna. A 2001 shugabansa Steve Ballmer ya kira Linux cutar daji a wata hira da jarida. Kuma tsoron yana da dalili, domin ku dubi inda ta kai. Tun watan Nuwamba na 2017, kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya dukkansu Linux suke amfani da ita. Yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet a kanta suke. Wayar Android da ke aljihunka, wadda ta fara fitowa a 2008, zuciyar Linux ce a cikinta. A 2019 IBM, wanda ya buɗe wa Microsoft ƙofa tun farko, ya sayi kamfanin Red Hat mai harkar Linux a kan dala biliyan 34. Amma a kan tebur fa? Ƙididdigar StatCounter ta nuna sai a 2024 Linux ta haura kashi 4 cikin ɗari, Windows kuwa tana riƙe da kusan kashi 70.

Me ya hana? Masoya Linux sukan ɗora laifin duka a kan makircin Microsoft. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Mutum ba ya kunna kwamfuta don ya kalli babbar manhaja; aiki ya kawo shi. Mai shagon buga katin biki yana buƙatar CorelDRAW, injiniya yana buƙatar AutoCAD, mai hoto yana buƙatar Photoshop, kuma babu ɗayansu da ake yi wa Linux a yau. Akwai madadinsu, Inkscape da GIMP da sauransu, wasu ma suna da kyau ƙwarai, amma wanda ya shekara goma hannunsa na kan abu ɗaya, ga kwastoma tsaye a kansa, ba ya da lokacin koyon sabo. Sannan ita kanta Linux ta rarrabu gida-gida, ɗaruruwan iri, kowanne da fuskarsa da hanyar sa manhajarsa. Wannan 'yanci ne ga masani, ruɗani ne ga baƙo. An samu dama guda a 2007, lokacin da Asus ya fitar da ƙaramar kwamfuta mai araha, Eee PC, da Linux a ciki, ta kuma yi kasuwa. Nan da nan Microsoft ya tsawaita ran Windows XP ya sayar wa masu ƙera irin waɗannan na'urori da rahusa, cikin ɗan lokaci kasuwar ta koma hannunsa.

Labarin da ya fi koyar da ni a wannan fage shi ne na birnin Munich a Jamus, kuma ina so shugabannin makarantu da ma'aikatu da ke nan su saurara da kyau. A 2003 majalisar birnin ta yanke shawarar barin Windows. Abin ya girgiza Microsoft har Ballmer da kansa ya je ya gana da magajin garin, Christian Ude, da tayin rage farashi. Birnin bai janye ba. Suka gina tasu Linux mai suna LiMux, kuma aikin ya ci shekara goma. Zuwa 2013 an mayar da kwamfutoci kusan 15,000. Sai shugabanci ya sauya, ƙorafe-ƙorafen ma'aikata suka samu kunnen sauraro: takardun da ake aiko musu daga wasu hukumomi ba sa buɗewa daidai, wasu manhajojin aiki na musamman Windows kawai suka sani. A 2016 Microsoft ya mayar da hedikwatarsa ta Jamus cikin birnin. A 2017 majalisa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Wasu na cewa siyasa ce, wasu na cewa gazawar fasaha ce. Ni abin da na gani shi ne birni ɗaya ya yi ƙoƙarin sauya harshe alhali duk maƙwabtansa na magana da tsohon, kuma aikin ya rataya a wuyan 'yan siyasar da suka fara shi, da suka tafi sai ya rasa uba.

Ku kwatanta da jandarmomin Faransa. Su ba su fara da babbar manhaja ba. A 2005 suka sauya manhajar rubutu da lissafi zuwa OpenOffice, suna nan a kan Windows. A 2006 suka koma burauzar Firefox da manhajar imel ta Thunderbird. Sai da ma'aikata suka saba da waɗannan, sannan daga 2008 aka fara zare Windows daga ƙarƙashinsu ana sa Ubuntu, kuma jami'in da ya zo aiki da safe ya tarar da kayan aikin da ya sani. Dubun dubatar kwamfutocinsu na kan wannan tsari. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta ɗauki irin wannan hanya ga kwamfutoci kusan 30,000, ta fara da manhajar rubutu da lissafi ta LibreOffice. Darasin a bayyane yake: abin da ke ɗaure mutum shi ne manhajar aikinsa da tsarin fayil ɗinsa, don haka daga nan ake fara kwance shi.

Mu ma an taɓa yin wannan kokawa a gidanmu. A 2007 aka shirya kawo ƙananan kwamfutoci 17,000 na Intel Classmate ga makarantun Nijeriya, da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa a ciki. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa da ta zagaya duniya. Kamfanoni biyu na ƙetare suna ja-in-ja a kan abin da yaranmu za su fara sani, domin dukkansu sun fahimci cewa abin da yaro ya buɗe ido da shi, shi zai nema in ya girma.

Yanzu mu juya ga abokin hamayya na biyu, wanda ya yi wa Windows illar da Linux ba ta yi mata ba.

A 1995 wani sabon kamfani, Netscape, yana da burauzar da kusan kowa ke shiga intanet da ita, kuma tana aiki a kan Windows da Macintosh da Unix duka. Bill Gates ya hango haɗarin, a watan Mayu na shekarar ya rubuta wa manyan ma'aikatansa doguwar takarda yana cewa intanet ce abu mafi muhimmanci a gabansu. Lissafinsa daidai ne. In dai za a rubuta manhajoji su yi aiki cikin burauza, to mai rubutawa bai damu da abin da ke ƙasa ba, mai saye ma haka, kuma igiyar nan da na bayyana ɗazu ta tsinke. Sai Microsoft ya yi tasa burauzar, Internet Explorer, ya cusa ta cikin Windows kyauta, ya matsa wa masu ƙera kwamfuta. Netscape ya durƙushe. Gwamnatin Amurka ta kai ƙara a 1998, a 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001, aka ƙare da sulhu. Tarayyar Turai ma ta ci shi tarar Yuro miliyan 497 a 2004 a wata shari'ar ta danne abokan gasa. Kafin Netscape ya faɗi, a 1998 ya buɗe rubutun burauzarsa ga duniya, daga nan Firefox ta fito a 2004.

Microsoft ya kashe kamfanin, amma tunanin ya rayu. A 2004 Google ya fito da Gmail da wurin ajiya na gigabait ɗaya, lokacin da Hotmail ke ba da megabait biyu, kuma tana aiki cikin burauza da saurin da ya yi kusa da na manhajar da aka girka. A 2006 ya sayi wata ƙaramar manhajar rubutu ta intanet, Writely, ta zama Google Docs. A 2008 ya fito da burauzar Chrome, a 2011 kuma aka fara sayar da Chromebook, kwamfutar da kusan babu komai a cikinta sai burauza, a kan zuciyar Linux, kuma Chromebook ɗin ta mamaye makarantun Amurka. Ku tambayi kanku abin da kuka yi da kwamfuta a makon nan: rajistar makaranta, duba sakamako, cike fom ɗin neman aiki, aika saƙo, kallon karatu a YouTube. Nawa ne a ciki ya damu da ko Windows ce a ƙasa? Shuttleworth ya taɓa rubuta rinjayen Microsoft a kasuwa a matsayin matsala ta ɗaya a jerin matsalolin da Ubuntu ke son gyarawa. A 2013 ya rufe wannan matsala da kansa, yana nuni da cewa wayoyi da allunan hannu sun riga sun sauya lissafin. StatCounter ta ba da rahoton cewa a watan Maris na 2017 Android ta wuce Windows a yawan masu shiga intanet a duniya. Mu nan shaida ne, don miliyoyin mutanenmu ta waya suka shiga intanet ba su taɓa riƙe linzami ba.

Shi kansa Microsoft ya bi ruwa. A 2011 ya fara ba da Office haya da sunan Office 365. Da Satya Nadella ya karɓi shugabanci a 2014, sai kamfanin ya fito yana cewa yana ƙaunar Linux. A 2016 ya shiga gidauniyar Linux ya kuma sa hanyar gudanar da ita cikin Windows 10, a 2018 ya sayi GitHub, babbar matattarar buɗaɗɗun manhajoji, a kan dala biliyan 7.5. Burauzarsa ta yanzu, Edge, a kan buɗaɗɗen rubutun Chromium na Google aka gina ta. Ba tuba ya yi ba, kuɗin ne ya koma wani wuri, wato hayar manyan kwamfutoci da biyan wata-wata, kuma masu hayar da yawansu Linux suke so.

A nan ne nake so mu tsaya mu yi tunani sosai, don nan ne abin ya fi damuna. Google da Facebook da Amazon duk a kan buɗaɗɗun manhajoji suka gina daularsu. Amma kai da ke amfani da su, wanne daga cikin 'yancin nan huɗu ka samu? Ko ɗaya. Lasisin GPL yana tilasta buɗe rubutu ne idan an ba ka manhajar, su kuwa ba su ba ka komai ba. Tana can a kwamfutarsu, kai leƙe kake yi ta taga. A zamanin faifai, in ka sayi Office 2003, taka ce har na'urar ta mutu, ko kamfanin ya so ko ya ƙi, kuma fayil ɗinka na cikin ɗakinka. Yau manhajar tana wurinsu, fayil ɗin ma yana wurinsu. Adobe ya daina sayar da sababbin Photoshop a 2013, sai haya. A shekarar ce Google ya rufe Google Reader duk da roƙon masu amfani da ita. A watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar da mutanen Venezuela cewa zai rufe asusunsu gaba ɗaya saboda takunkumin gwamnatin Amurka. An janye daga baya da aka samu izini, amma mai zane a Karakas ya kwana da sanin cewa sa hannun wani shugaba a wata ƙasa na iya raba shi da kayan sana'arsa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ba ina cewa babu alheri a ciki ba, kuma ba zan yarda a fita daga nan da wannan fahimta ba. Duk malamin da ke nan ya san ɗalibin da aka sace wa kwamfuta ko filash ɗinsa ya lalace ana saura mako guda ya miƙa kundin bincikensa. Da yana rubutu a intanet, da bai yi asarar ko shafi ba. Mutum uku a garuruwa uku suna gyara takarda ɗaya a lokaci guda, wannan ni'ima ce ta gaske. Sai dai an tsara waɗannan kayan ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ta yankewa, kuma albashi da dala ake biya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Nijeriya da Gana da Kodebuwa suka shiga matsala, har bankuna suka kasa aiki yadda ya kamata. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Wanda takardunsa ke cikin na'urarsa ya ci gaba da aiki da janareta ko hasken rana. Wanda nasa ke intanet sai jira. Ga kuma kuɗin haya da ake lissafawa da dala: duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin manhajarka ya tashi alhali ba a ƙara maka komai ba.

Adalci ya sa in faɗi raunin buɗaɗɗun manhajoji su ma. Ana cewa tunda kowa na iya karanta rubutun, za a ga kuskure da wuri. Iya karantawa daban, samun mai karantawa daban. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin shafuka masu ɗimbin yawa, sai duniya ta farga cewa mutane ƙalilan ne ke kula da ita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, wanda ma'aikacin Microsoft ne, ya lura shiga wata na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi, ya tarar an dasa ƙofar sata a wata ƙaramar manhaja mai suna xz da Linux iri-iri ke amfani da ita. Wanda ya dasa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana taimako har ɗan sa-kan da ke kula da ita, wanda aiki ya yi wa yawa, ya amince masa. Buɗewar rubutun ce ta sa aka kama abin kafin ya yaɗu, amma gajiyar mutum ɗaya da ba a biya ce ta ba shi hanya. A ɗaya ɓangaren kuma, ranar 19 ga Yuli 2024 sabuntawa guda mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Haka abin yake idan duniya ta taru a kan abu ɗaya.

To me nake roƙo? Ga hukumomi da makarantu, ku fara da fayil. Akwai tsarin takardu buɗaɗɗe, ODF, wanda hukumar ƙa'idoji ta duniya ta amince da shi tun 2006, kuma LibreOffice da Word duk suna buɗe shi. Takardar gwamnati da za a buƙata bayan shekara talatin bai kamata buɗe ta ya dogara da biyan haya ga wani kamfani ba. Duk wata manhajar intanet da za ku ɗauka, ku tambaya tun kafin sa hannu: in mun tashi tafiya, ta yaya za mu kwashe bayananmu, kuma a wane tsari? Ga malaman kwamfuta, ku koya wa yara aikin kansa, yadda ake tsara takarda da yadda ake lissafi a jadawali, ku nuna musu a manhaja biyu ko uku, don yaron da ya san wurin maɓalli kawai yakan rikice ranar da aka matsar da maɓallin.

Akwai kuma maganar harshe. Microsoft ya yi wa Windows fassarar Hausa, tare da Yarbanci da Ibo, kuma ya kyauta. Amma shi ke yanke ranar da za a sabunta ta da ranar da za a bar ta. A LibreOffice da Firefox da Ubuntu, ƙofar fassara a buɗe take ga duk wanda ya zo. Sashen Hausa na jami'a ɗaya, da ɗalibansa na shekarar ƙarshe, zai iya ɗaukar fassarar manhaja guda da ƙamus ɗin duba rubutu mai sanin ƙ da ɗ da ɓ a matsayin aikin kammala karatu, ba tare da neman izinin kowa ba, kuma abin da suka yi zai zama na Bahaushen Damagaram da na Kumasi gaba ɗaya.

Magana ta ƙarshe ga 'yan'uwana masu gyara. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum, sai ga wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Windows 11 kuma tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, galibi na 2017 zuwa sama. Ma'anar haka ita ce ofisoshin Turai da Amurka suna fitar da kwamfutoci masu lafiya da yawan gaske, kuma kun fi ni sanin inda kwamfutocin gwanjo ke sauka. Za su zo hannunku. Kuna iya zuba musu tsohuwar Windows da ba a toshe ɓarakarta, ku miƙa wa ɗalibi ko mai shagon POS ya riƙa shiga asusun banki da ita; waɗanda suka tuna yadda cutar kwamfuta ta WannaCry ta tsayar da asibitocin Ingila a 2017 sun san abin da hakan ke jawowa. Kuna kuma iya tambayar mai na'urar aikin da zai yi. In CorelDRAW ce abincinsa, ku bar shi a kan Windows, ku gaya masa gaskiyar haɗarin. In kuwa burauza ce da rubutu da kallon karatu, kamar yawancin masu zuwa wurinku, to Linux Mint ko Ubuntu za su ɗauke shi shekaru da sabuntawar tsaro ba tare da ya biya lasisi ba. Ana iya tayar da su daga filash a gwada ba tare da an taɓa abin da ke cikin na'urar ba, don haka ku bar shi ya zauna ya gwada firintarsa da wayarsa a gabanku kafin ya yanke shawara.